Haɗin kauri ɗaya, espresso ɗari: tarihin da ke cikin kofin mai shayi

1/
Espresso ɗaya na mutanen Italiya kalori 2 zuwa 3 ne kacal a cikinsa. Haɗin kauri ɗaya a teburin mai shayi, a Jushi ko Samaru, yana iya haura 300. Wato sai Ba'italiye ya sha ɗari kafin ya kamo ka. Wannan tazarar tana da tarihi, kuma tarihin ya biyo ta tashar jirgin ƙasa ta Sabon Gari. Zaren yana da tsawo, ku gyara zama. 🧵

2/
Kafin mu yi nisa. A Hausarmu ta yau "kofi" abin sha ne, kuma shi ne abin da ake zuba shi a ciki. Don kar mu rikice, abin shan zan ce masa gahawa, yadda kakanninmu suka aro daga Larabawa. Kofi kuma ya tsaya a kofinsa.

3/
Shi kalorin ma mene ne? Awon zafi ne. Wanda kuke gani a bayan gwangwani ko leda, ɗaya daga cikinsa shi ne zafin da zai ƙara wa ruwa kilo ɗaya digiri ɗaya. Wani Bafaranshe, Nicolas Clément, shi ya fara koyar da shi a shekarun 1820, kuma a kan injin tururi yake magana. Babu ruwansa da tumbin kowa.

4/
Wanda ya shigo da shi kicin shi ne Wilbur Atwater na Amurka, a shekarun 1890. Har wani ɗaki ya gina da ake rufe mutum a ciki kwana da kwanaki ana auna abin da ya ci da zafin da jikinsa ya fitar. Daga aikinsa aka samo lissafin da ake bi har yau: giram ɗaya na suga ko sitaci kalori 4, furotin 4, mai 9.

5/
Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa: damuwar Atwater ita ce yadda lebura zai samu ƙarfin aiki da kuɗi kaɗan. A wurinsa abincin da ya fi kalori a farashi mai sauƙi shi ne abincin kirki. Tsoron kalori daga baya ya zo, bayan wasu sun ƙoshi.

6/
To ga lissafin Italiya. Gahawa ita kaɗai kusan ruwa ce mai ɗaci da ƙamshi. Espresso mililita 25 zuwa 30 ne, kurɓa biyu ka gama. Ristretto ma bai kai haka ba. Lungo an ƙara masa ruwa. Dukkansu kalorinsu bai kai yatsun hannu ɗaya ba, sai fa in ka zuba suga. Ƙaramin cokali ɗaya, giram 4, kalori 16.

7/
Macchiato: ma'anar kalmar "mai tabo". Espresso ne da aka ɗiga wa ɗan kumfar madara, kamar kalori 10.

Cappuccino: espresso mililita 25, madara mililita 100 da aka busa wa tururi ta kumbura. Madarar shanu tana da kalori 60 da wani abu a kowane mililita 100. Kenan cappuccino na asali bai wuce 65 zuwa 70 ba.

8/
Caffè latte ya fi madara, in ta kai mililita 200 kana wajen 120 zuwa 130. Kuma in Allah ya kai ka Italiya kar ka ce "latte" kawai. Madara zalla za a miƙo maka, don ma'anar kalmar kenan a yarensu.

9/
Suna da masu nauyi su ma. Bicerin na birnin Turin: gahawa, cakulan, kirim, a jere cikin ƙaramin gilashi. Affogato: askirim ne da aka kwarara wa espresso mai zafi, sunan ma "wanda aka nutsar" yake nufi. Waɗannan sun haura ɗari, wani lokaci ɗari biyu. Amma su a layin kayan zaƙi suke ajiye su, ba abin kullum da safe ba ne.

10/
Akwai caffè corretto, "gahawar da aka yi wa gyara". Gyaran kuwa giya ce ake ɗigawa. Na faɗa ne don in kun ga sunan a takardar abinci ku san me ke ciki, ku wuce.

11/
Yanzu tambayar: me ya sa kofinsu ƙarami ne haka? Asali ma ba nasu ba ne. Itacen gahawa daga Habasha yake. Sufayen Yaman ne suka shahara da shanta a ƙarni na 15, don su iya raya dare da zikiri. Masu karatun dare a ajujuwan Samaru lokacin jarabawa, ga magabatanku nan, sai dai niyya ta bambanta. 😅

12/
Daga Yaman ta hau Makka, inda a 1511 gwamnan garin, Khair Beg, ya haramta ta, haramcin da bai daɗe ba. Ta shiga Alƙahira, ta shiga Istanbul wajen 1555. 'Yan kasuwar Benis da ke hulɗa da Turkawa su suka tsallaka da ita Italiya. Gidan gahawa na Florian da aka buɗe a Benis a 1720 yana nan har yau yana aiki.

13/
Ƙaramin kofin nan mai ƙarfi kuwa ɗan zamanin inji ne. Angelo Moriondo ya yi rajistar injin tururi na dafa gahawa a Turin a 1884. Luigi Bezzera ya inganta shi a Milan a 1901, ya zama ana dafa wa kowane mutum nasa nan take. Desiderio Pavoni ya sayi haƙƙin, suka baje shi a kasuwar baje koli ta Milan a 1906.

14/
Abin da ya fi burge ni shi ne wata doka ta 1911 da ta ba hukumomin garuruwa damar ƙayyade farashin wasu kayan masarufi, har da kofin gahawa. Amma farashin na wanda ya sha a tsaye ne a bakin kanta. In ka zauna aka kawo maka, mai shago ya caje ka yadda ya so. Sai mutane suka koyi sha a tsaye. Wanda yake tsaye kuwa ba ya neman kofi mai cin minti ashirin.

15/
Sai 1933, Alfonso Bialetti ya fito da 'yar butar nan ta alminiyam mai kusurwa takwas, Moka, wadda ta kai gahawa mai ƙarfi cikin gidaje. Sunan daga Mokha ne, tashar jiragen ruwa ta Yaman. Bayan yaƙin duniya na biyu, wajen 1947 zuwa 1948, injin Achille Gaggia mai hannun dannawa ya kawo kumfar nan mai ruwan ƙasa da ke kwanciya a saman espresso.

16/
Wani abin dariya mai ɗaci: a 1935 Mussolini ya mamaye Habasha, mahaifar gahawa. Aka ƙaƙaba wa Italiya takunkumi, sannan yaƙi ya biyo baya, gahawa ta yi wuya, talakawa suka koma soya sha'ir suna dafawa a madadinta. Har yau ana sayar da shi a can, caffè d'orzo.

17/
Cappuccino kuma daga limaman Kirista na ɗariƙar Capuchin ya samo suna, saboda kalarsa ta yi kama da ta rigarsu. Abin safe ne, da ɗan burodi mai zaƙi, cornetto. Bayan azahar Ba'italiye ba ya son ganin madara a kofinsa, yana ganin tana nauyaya ciki bayan abinci.

18/
Kun ga inda zancen ya dosa. A Italiya gahawa tana zuwa ne bayan abinci ko tsakanin aiki da aiki. Ba a ɗora mata nauyin ƙosar da kowa ba. Taliya da burodi da man zaitun sun riga sun yi wannan aikin. Aikinta buɗe ido.

19/
Mu ma muna da mai wannan aikin tun kafin a haifi Moriondo: goro. Fatake suna taka sayyada wata da watanni zuwa Gwanja, kasuwar Salaga a Ghana ta yau, su kai kanwa da tufafi da fata, su ɗoro goro a jakuna. Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta cewa goro a wurin mutanen nan ya zama dole kamar yadda gahawa da shayi suke a wurin Turawa.

20/
Sinadarin da ke hana barci a gahawa, kafin, shi ne dai a cikin goro. Ɗan ɓari ne, ɗaci ne, a tsaye ake ci, ana miƙa wa baƙo, kalorinsa ba abin lissafi ba ne. In kuna neman espresson Bahaushe na gaskiya, yana cikin aljihun kakanku, a naɗe a ganye.

21/
To in goro ya riƙe kujerar buɗe ido, wace kujera shayi ya zo ya tarar? Ta koko da kunu. A nan duk maganar take.

22/
Karin kumallon Bahaushe tun asali abin sha ne mai ƙosarwa: koko da ƙosai, kunun tsamiya, kunun gyaɗa, ko ɗumamen tuwon jiya. Da me ake yabon kunu? Da kauri. Me ake ce wa wanda bai yi ba? Tsararo, tsululu. Yanzu ku saurari yadda muke yabon shayi: "haɗin kauri". Marar madara kuma mu ce masa "ruwan bunu", wato kamar jan ruwan da ke ɗiga daga tsohuwar jinka. Raini ne tsantsa a cikin sunan.

23/
A ganina ba mu taɓa karɓar shayi a matsayin shayi ba. Mun karɓe shi ne a matsayin sabon kunu, muka auna shi da mudun kunu. Shi ya sa kofinmu babba ne, shi ya sa ganyen shi ne abu mafi ƙanƙanta a cikin haɗin, wani lokaci ma babu shi sam, Milo ne da madara da ruwan zafi, kuma sunansa shayi.

24/
Kalmar "shayi" daga Larabci muka same ta, su kuma asalinta daga Sin ne. Ta hamada ya fara iso mu. Har yau Buzaye da mutanen Nijar suna da nasu: koren ganye a 'yar buta kan gawayi, ƙananan gilasai, zagaye uku, na farko ɗaci kamar me. Wannan ya fi kusa da ɗabi'ar Italiya a girman kofi, duk da sugan da ke cikinsa ba wasa ba ne.

25/
Amma shayin tebur da benci, mai madarar gwangwani da burodi, ta kudu ya hau, a jirgi. A 1911, shekarar dokar farashin nan ta Italiya, layin dogo daga Baro ya ratsa Zariya ya kai Kano. Nan da nan Zariya ta zama mahaɗa: ƙaramin layi ya tafi Jos wajen ma'adinan kuza, wani kuma daga baya ya bi ta Gusau ya ƙare a Ƙauran Namoda a 1929.

26/
Sabon Gari a kusa da tashar ya tsiro, a wajen ganuwar birni: ma'aikatan reluwe, akawuna daga kudu, 'yan dako, kantunan kamfanonin Turawa, injin gurzar auduga. Barikin horar da sojoji ya zo a 1924. Can Samaru an kafa gonar binciken aikin gona a 1922, sannan ABU a 1962. Unguwanni irin su Jushi, Muciya da Cikaji suka cika da masu neman na kansu.

27/
Ku yi tunanin wane irin mutum wannan tsarin ya haifar. Namiji, sau da yawa gwauro ko wanda ya bar iyali a ƙauye, ɗan cirani, da agogo a kansa. Ƙarfe bakwai yana bakin aiki. Babu mai dama masa koko a gida, babu lokacin jiran tuwo. Yana da 'yan kwabbai a aljihu. Yana bukatar abu mai zafi, mai sauri, mai riƙe ciki har azahar.

28/
Mai shayi amsar wannan mutumin ne. Tebur, benci, tukunya a kan wuta tun asuba, gwangwanaye a jere. Kicin ne na waɗanda ba su da kicin. Shi ya sa har gobe za ka fi ganinsa a bakin tasha, bakin kasuwa, ƙofar asibiti, ƙofar makaranta. Kuma shi ya sa kusan duk maza ne a bencin.

29/
Ba mu muka fara ba. Masanin nan Sidney Mintz, a littafinsa Sweetness and Power na 1985, ya nuna yadda shayi mai suga da burodi ya zama man da ya tuƙa leburorin masana'antun Ingila a ƙarni na 19. Suga daga gonakin bayi na Karibiyan, ganye daga Sin sannan Indiya. Abincin gaggawa na talaka. Turawan da suka kawo mana reluwe sun kawo mana karin kumallon leburansu a taragun baya.

30/
Kowane gwangwani a teburin nan yana da ranar haihuwa. Gail Borden ya yi rajistar madarar gwangwani mai kauri a Amurka a 1856, don madarar da ba ta lalacewa ba firji. Peak ta shigo Najeriya daga Holan a 1954. Bournvita na Cadbury ne na Ingila. Milo wani Thomas Mayne ne ya haɗa shi a Ostireliya a 1934, lokacin matsin tattalin arziki, saboda yaran da ba sa samun isasshen abinci.

31/
Kun lura? Milo an ƙirƙire shi ne don ya ƙara wa mai yunwa kalori. Aikin da aka haife shi ya yi kenan, kuma yana yi.

32/
Nescafé kuma, wadda ita ce gahawar da yawancinmu muka sani, 'yar 1938 ce. Bayan faɗuwar kasuwannin duniya a 1929, Birazil ta rasa yadda za ta yi da tulin gahawarta, har ƙonawa aka riƙa yi. Aka nemi Nestlé a Suwizalan ta samo hanyar mayar da ita gari mai narkewa. Max Morgenthaler ya shafe shekaru a kai. Ita ma da ta iso teburin mai shayi, kunu muka mayar da ita.

33/
Suga fa? Nan ne abin ya fi ba ni haushi, don ƙasar Zazzau ƙasar rake ce. Ku je Maƙarfi da kewayenta ku ga fadamu. Muna da mazarƙwaila, da doki ke juya injin matsewa, a dafa ruwan a manyan kasake a zuba a mazubi ya daskare. Muna da zuma. Amma abin da ya hau tebur farin suga ne na kwali, St Louis, daga Faransa. Ƙwaya ɗaya kamar giram 5, kalori 20.

34/
(Kar wani ya ce to a koma mazarƙwaila a huta. A lissafin kalori kusan ɗaya suke da farin suga. Ta fi ƙamshi, kuɗinta kuma a gida yake tsayawa, amma jiki suga yake gani.)

35/
Gwamnati ta gwada nata: kamfanin suga na Bacita a Kwara a shekarun 1960, Savannah a Numan daga baya. Matatar Dangote ta Apapa ta fara aiki a 2000, amma yawancin ɗanyen sugan da ake tacewa a ƙasar nan daga Birazil ake shigo da shi. Haka madara: shanu na wucewa ta bayan hostal, cibiyar binciken dabbobi tana nan Shika, amma garin madarar da ke kofinmu ta jirgin ruwa ya zo.

36/
A 1993 Cowbell ta fara sayar da madarar gari a 'yan ƙananan leda, abin da ya sa mai naira kaɗan ma ya iya saye. Da yawa daga irin wannan madarar mai sauƙi an cire mata man shanunta an sa man itatuwa a madadinsa. Ku juya leda ku karanta, a rubuce yake. Kalorin yana nan daram, abin da ya canza shi ne irin man.

37/
Burodi ma baƙo ne. Alkamarsa yawanci daga waje take, Flour Mills an kafa shi a 1960. Akwai littafi sukutum a kan wannan, The Wheat Trap, na Gunilla Andrae da Björn Beckman, 1985, kuma shi Beckman a nan ABU ya koyar. Hujjarsu ita ce ƙasa ta saba wa cikinta da abin da ba ta iya nomawa isasshe. Babangida ya hana shigo da alkama a 1987, ba a je ko'ina ba aka janye. Indomie kuwa auta ce a teburin, ƙarshen shekarun 1980 ta shigo.

38/
Ganyen shayin ne ma muke da namu: Kakara, a tsaunin Mambila, jihar Taraba, inda ake yin Highland. Ana noma gahawa kaɗan a can ma. Amma duk jakar shayi a bakinmu "Lifton" ce, sunan Thomas Lipton, ɗan kasuwar Gilasgo da ya sayi gonaki a Silon a 1890.

39/
To mu buga lissafin. Wannan nawa ne, da awon da nake gani ana zubawa, kowa na iya gwada nasa:

Rabin gwangwanin madarar ruwa, giram 80: kamar 110
Milo cokali biyu a cike, giram 20: kamar 80
Suga giram 30: 120
Ganyen shayi ko Nescafé: kusan sifili

Jimla 310. Ba a taɓa burodi ba tukuna.

40/
Ƙara burodi giram 150, wajen 400. Wainar ƙwai biyu, 150, da babban cokalin man da aka soya ta, 120. Ka doshi 1,000. In ka ce a sa Indomie ƙarama ɗaya, ƙara 300 da ɗoriya. Babban mutum yana bukatar kamar 2,000 zuwa 2,500 a yini. A zama ɗaya, kan benci ɗaya, rabi ya tafi.

41/
Ba'italiye da cappuccino da suga ɗaya da cornetto yana wajen 300. Karin kumallonsa gaba ɗaya daidai yake da ruwan kofinka kawai.

42/
Ni dai ba zan zagi mai shayi ba. Ga wanda zai sauke buhunan masara a kasuwar Sabon Gari, ko ya tura kurar ruwa daga Jushi har rana ta take, ko ya kwana a kan babur, kalori 1,000 da asuba rahama ce. Atwater da zai ga teburin nan da ya tafa. An gina haɗin don wannan jikin, kuma ya dace da shi.

43/
Matsalar mu ne. Mun gaji kofin ɗan dako ba mu gaji dakon ba. Ɗalibi ya sha haɗin kauri ƙarfe takwas, ya hau Keke, ya zauna lakca awa huɗu, ya dawo ɗaki ya kwanta da waya. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare ya koma tebur, wai zai yi karatu, a sake haɗa masa da Indomie. Ƙarfe ɗaya yana gyangyaɗi a kan handawut yana mamaki.

44/
In buɗe ido kake nema, kafin kake nema, kuma shi ba ya zuwa da kalori. Espresso ɗaya yana da kamar miligiram 60 da wani abu, kofin baƙin shayi 40 zuwa 50. Hukumar kula da abinci ta Turai ta ce har 400 a yini ba matsala ga babba mai lafiya, mai ciki kuma 200. Duk sauran abin da ke kofin abinci ne. Ka sha a matsayin abinci, kar ka ci tuwo a kai ka ce ai shayi kawai na sha.

45/
Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ce sugan da ake ƙarawa kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, wato kamar giram 50, ƙananan cokula 12. In an samu a tsaya a 25 ya fi. Kofinmu na sama yana da giram 30 na zubawa, ban da wanda ke cikin Milo. Kofi biyu ka tsallake layi, ba a zo maganar lemon kwalba da zoɓo ba.

46/
Kuma kowa a nan yana da wani a gida da likita ya ce wa ya bar suga. Kun san yadda gidan yake komawa: kuɗin allura, kuɗin gwaji, tuwon alkama daban, ciwon ƙafa da ba ya warkewa. Suga shi kaɗai ba shi ne ke kawo ciwon ba, akwai gado, akwai ƙiba, akwai zama wuri ɗaya. Amma a cikinsu shi ne wanda ake aunawa da cokali a gabanka.

47/
Masu raina mai shayi su tafi gidan gahawa na 'yan gayu a Kaduna ko Abuja su ɗau hoto da dogon kofi, ku ma ku zo nan. Abin da ke hannunku ba na Italiya ba ne. Howard Schultz ya je Milan a 1983, ya ga yadda ake shan espresso, ya koma Amurka ya kumbura kofin. Matsakaicin latte na Starbucks mililita 473 ne, kamar kalori 190. Mai ƙanƙara da karamel da kirim yana haura 350.

48/
Wato haɗin kauri ne da ya je makarantar kuɗi. Starbucks ɗin ma sai 2018 ta iya buɗe shagonta na farko a Italiya.

Haka 'yan ledar nan na "uku a ɗaya" masu hoton kumfa. Doka ce a jera kayan haɗi daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. Ku duba wane ne a farko, ku duba gahawar a ina ta faɗo.

49/
Gwamnati ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, aka fara karɓa a 2022. Harajin a masana'anta yake tsayawa. Bai san hanyar benci ba, bai san cokalin mai shayi ba, wanda ba ƙaramin cokalin Hukumar Lafiya ba ne, babba ne kuma da tozo ake cika shi.

50/
Abin da ya rage suga a teburin tun 2023 tsada ce, bayan cire tallafin mai da faɗuwar naira. Gwangwani ya koma leda, leda ta koma rabi, ruwan bunu da citta da kanumfari da lemun tsami ya dawo da martabarsa. Masu cewa "ba na son madara ne" sun yi yawa kwatsam. Mun ji, mun yarda. 😂

51/
Amma ku gwada wannan gobe a kowane tebur daga Jushi zuwa Samaru. Ka ce, "Malam, a sa min suga cokali ɗaya kawai." Zai tsaya da cokalin a sama, ya dube ka da tausayi, ya ce, "Subhanallahi, ɗalibi, suga gare ka?" In ka ce a'a, lafiyarka ƙalau, zai gyaɗa kai kamar ya fahimta, ya ɗauka kuɗinka ne bai kai ba. Sai ya faki idonka ya ƙara rabin cokali, kyauta.